Dalilin da Ya Sa Yayanku Yake Dauda

A ranar sunan ɗan Hadiza na sake jin maganar da na ɗauka ta mutu. Na shiga cikin gida in yi wa mata barka, sai wata tsohuwa daga dangin uwarku, wadda ta zaci kunnuwana sun ajiye aiki ranar da na ajiye nawa, ta zunguri ta kusa da ita ta ce ai wannan ne ya je Amurka ya sayar da sunan ubansa. Na yi kamar ban ji ba don ranar murna ce, amma raina ya ɓaci har naman sunan ma na kasa ci. Ku shida, Dauda da ƙannensa mata biyar, kun tashi kuna tsintar labarin nan guntu-guntu a bakin mutanen da ba su ga farkonsa ba. Kunya ta hana ku tambayata, ni kuma zafin zuciya ya hana ni zama in yi muku bayani. Tun hannuna bai fara rawa ba, bari in rubuta muku shi yadda ya faru.

Kakanku Haruna dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro. Daga Azagor har Tagriss babu makiyayin da bai san shi ba. Fulani da Buzaye sukan bar masa garke su tafi sayen hatsi da shayi ko waiwaye ba su yi. Babban farin da ya share dabbobin arewa shi ya karya shi. Ba dukiyarsa ce ta salwanta ba, a'a, ganin mutanen da ya sani da shanu fal zaune a bakin gari ba su da ko akuya shi ya hana shi cin abinci, shekara ba ta zagayo ba ya rasu. Ni kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yansa. Kun san al'adarmu, idan uba ya rasu, namijin farko da aka haifa wa ɗansa shi ake mayar wa sunan. 'Yan'uwana mata ba su da ta cewa, don dangin mazajensu ke raɗa wa 'ya'yansu suna. Saboda haka sunan Haruna a wuyana yake ni ɗaya. Wadda ta fi kowa jira kuwa ita ce Inna, kakarku. Tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa furta sunansa ba, kamar yadda ba ta taɓa furta nawa ba saboda ni ne ɗan fari, "kai wane" take ce mini har ta koma ga Allah. Amma ta san ranar da aka mayar da sunan za ta samu jaririn da za ta goya, ta kira shi Maigida, ta yi masa tsiyar rashin cefane, ta ce ya tsufa ko haƙori ɗaya babu. Tsofaffin garin nan da yawa da wannan wasan suke rarrashin kansu bayan mutuwar miji.

A lokacin ina aiki a ma'aikatar kiwo, wadda muke kira elbaj, ina yawon yi wa dabbobi allura ƙauye-ƙauye. Bayan farin nan aka zaɓi wasu daga cikinmu aka ba mu burs, wato kuɗin karatu, mu je Amurka ƙaro ilimin cututtukan shanu. Ɗan Ingilishin da na koya a kolej, wanda abokaina suke yi mini dariya a kansa, shi ya sa sunana ya fito. Na tafi a ƙarshen damina, na bar uwarku Rabi da ƙaramin ciki. Inda aka kai ni wani birni ne a jihar Iowa, can tsakiyar ƙasar, nesa da teku kamar yadda muke. Sunansa yana jikin takardar da ke rataye a ɗakina. Inna ta kasa faɗinsa ta sa masa Garin Masara, mu ma muka bi ta. Na je da tunanin benaye masu taɓa gajimare, sai na tarar da fili shimfiɗe, ƙasa baƙa wuluk, masara iyakar ganin ido. Mutanen garin manoma ne da 'ya'yan manoma. In suka haɗu a kanti maganar ruwan sama suke yi da farashin maruƙa, har na ce ashe ba mu kaɗai Allah ya ɗora wa wannan hirar ba.

Jami'a biyu ce a birnin. Babbar ta gwamnati ce, ita ce ta noma da kiwo, a nan aka sa ni. Ƙaramar kuwa, mutanen coci ne suka gina ta tun zamanin kakanninsu, malaman lakwal, wato makarantar boko, da masu jinya take fitarwa. Ɗaliban biyun wasa suke yi da juna irin na taubasai, 'yan ƙaramar suna ce wa namu masu warin kashin shanu, namu suna ce musu 'yan gayun da ba su iya tatsa ba, ranar wasan ƙwallo kuwa gari ya rabu biyu, da yamma a haɗu a ci abinci tare. Kewaye da birnin akwai ƙananan garuruwa, kowanne da dogon tankin ruwa ɗauke da sunansa, kowanne da ranar kasuwar shanunsa. A ƙofar ofishin magajin gari sun kafa wani dogon ƙarfe mai alluna, kowane allo yana nuna wani gari na wata ƙasa da suka ƙulla zumunci da shi, ɗaya a Japan, ɗaya a Jamus, ɗaya a Meksiko, suna aika wa juna ɗalibai da baƙi. Na zagaye ƙarfen nan ina neman allon da ya fuskanci wajenmu ban samu ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji kishi. Abu ɗaya ne ya dame ni a makonnin farko. A takarduna an rubuta Lawali Haruna, su kuma da sunan baya suke kiran mutum. Ko'ina na shiga sai in ji "Mista Haruna", gabana ya faɗi, in waiwaya kamar zan ga Baba a bayana.

Malamin da aka damƙa ni a hannunsa sunansa Dokta Debid. Dogon tsoho ne mai hannun manomi, a ɗaya daga ƙananan garuruwan nan aka haife shi, ubansa mai tatsar madara ne. Sai daga baya na gane ko wane ne. Daga ƙasashe ake zuwa wurinsa saboda aikin da ya yi a kan wata cuta mai kashe maruƙa, babban garken gwaji na jami'ar ma sunansa ne a rubuce a goshinsa. Amma kullum shi ke riga mu shiga garken nan da dogayen takalman roba, kashi har gwiwa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ni da kuka sani, ranar da wani ɗalibi ya tambaye ni ko a kan bishiya muke kwana na tashi zan ci kwalarsa, Dokta ya dafa kafaɗata ya ce in zo in riƙe masa kan wata saniya. Sai da na huce sannan ya kira yaron ya sa ni in zana masa yadda ake haƙa rijiyar makiyaya a arewacin Dakoro, yaron ya bar wurin yana ba ni haƙuri.

Da sanyinsu ya shigo, ƙanƙara ta rufe gari fari fat, aka ce in sayi babbar riga. Na ce ni ɗan Dakoro ne, na kwana a daji da makiyaya, babu sanyin da ban gani ba. Taurin kan nan da uwarku take cewa Zainabu ta gado, shi ya kwantar da ni. Ciwon huhu ya kama ni, ban san lokacin da aka kai ni asibiti ba. Da aka sallame ni ko tsayuwa ba na iya yi, ga ɗakina a bene, ga ba ni da kowa. Dokta da matarsa Madam Rut suka ɗauke ni suka kai gidansu, suka sa ni a ɗakin ɗansu. Shi kaɗai suka haifa, ya rasu a haɗarin mota yana saurayi, littattafansa da takalman ƙwallonsa suna nan yadda ya bar su. Madam Rut ta sayo sababbin tukwane don kada in yi shakkar naman alade. Na kwatanta mata kunu, ta dama mini wani abu da garin masara wanda har yau ban san sunansa ba, na rufe ido na shanye na ce ya yi. Dokta shi ke riƙe ni zuwa ban ɗaki, shi ke durƙusawa ya sa mini safa, mutumin da ministoci ke aiko wa gayyata. Da na fara samun ƙarfi, duk Juma'a sai ya ajiye aikinsa ya tuƙa ni zuwa wani gari mai nisa inda Musulmi suke da ɗan masallaci, ya zauna a mota yana karanta jarida har a idar. Ko sau ɗaya bai yi mini maganar addininsa ba, ban kuma ji ya faɗa wa wani abin da yake yi mini ba.

Bayan na warke ya kai ni babban ɗakin karatu na gari. Akwai wani dogon zaure a ciki, bango biyu cike da hotunan mutanen da birnin yake alfahari da su, ƙarƙashin kowane hoto an rubuta abin da mai shi ya yi. Na zaci sarakuna da 'yan siyasa zan gani. Suna nan, amma ba su da yawa. Ga wata mata da ta buɗe makarantar farko a ɗakin girkinta. Ga manomin da ya ƙare rayuwarsa yana zaɓen irin masara har ya fitar da mai jure fari. Ga wani likita baƙar fata da ya yi wa gari aiki tun lokacin da wasu ba su yarda su gaisa da shi ba. Ga maƙerin garma, ga yarinya mai tsere, ga marubuci, ga malaman jami'o'in nan biyu. Muna tsaye wata malama ta shigo da yara tana nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Abin ya burge ni ƙwarai. Mu maroƙi ne ke riƙe mana sunan mutanen kirki, in ya mutu ya tafi da rabinsu. Su kuwa bango, da titi, da benci, har itace suna liƙa wa sunan wanda ya yi musu alheri. Can ƙarshen zauren na hango hoton Dokta, shi kuma ya ƙara sauri zai wuce. Na tsayar da shi.

"Dokta, bayan ranka wa zai ɗauki sunanka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ka gani, an rubuta shi a jikin garke. Har yanzu shanun ba su kawo ƙara ba."

Ni ban yi dariya ba. Tausayinsa ne ya kama ni, har idona ya cika. Mutum kamar wannan, a ce sunansa a goshin garken shanu zai ƙare, babu yaron da za a kira ya amsa. Na tuna ɗakin da na yi jinya, da takalman ƙwallon nan. Ban da saniyar da zan ba shi, ban da gona, abin da yake hannuna ɗaya ne.

Na ce, "Matata tana da ciki. In namiji ta haifa, sunanka zan sa masa. A wurinmu Dauda ake cewa, sunan annabi ne."

Ya riƙe hannuna ya ce, "Na gode, Lawali, ka kyauta." Sai ya tambaye ni ko zan sha kofi.

Na ɗan ji wani iri da ya karɓi maganar da sauƙi haka, amma na ce wataƙila irin tasu kunyar ce. Ku kuma ku fahimce ni, ban manta da Baba ba a wannan tsayuwar. Sunansa ne ya fara faɗo mini tun kafin in rufe baki. Lissafin da na yi shi ne ni yaro ne, Rabi yarinya ce, wannan ya zama Dauda, na biye da shi ya zama Haruna, kowa ya samu. Lissafi ne irin na mai ƙuruciya, wanda yake ganin haihuwa a aljihunsa take.

Na dawo Dakoro da shigowar zafi, ba a jima ba Rabi ta sauka, namiji. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ashe tun tafiyata take kiwon rago a bayan ɗakinta. Ta buɗe akwati ta ciro hular Baba da zobensa na azurfa ta ajiye a gefen jariri, tun kafin suna ta fara ce masa Maigida. Ana gobe suna na same ta tana tsintar wake na durƙusa na faɗa mata komai, ciwon, da ɗakin, da alkawarin. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Kai wane, rana ta buge ka. Tahi ka kwanta."

Daga nan na je wurin Baba Sale, ƙanen mahaifina, wanda ya zama uba gare mu. Shi bai yi mini kara ba.

"Nasara? Ka bar ɗan'uwana kwance cikin ƙasa ka ɗauko sunan Nasara? Ba ka isa ba, Lawali. In kyauta kake son yi mashi, ga bijimina, a saida a aika mashi."

Na ce, "Baba, na riga na hwaɗi, kuma Allah na ji."

Ya ce, "Gobe mu gani."

Da safe ƙofar gida ta cika. Dillalan kasuwa sun zo, makiyayan da suka ji labari sun zo, duk don a tayar da Haruna. Maroƙi bai jira liman ba, ya fara zuba kirarin Baba, tsofaffi suna gyaɗa kai. Liman ya miƙo kunne. Baba Sale yana gefena ina jin numfashinsa. Wallahi a wannan lokacin na so a ce ban taɓa shiga jirgi ba. Amma na ga tsohon nan durƙushe yana sa mini safa, na san in na janye ba zan sake iya kallon kaina mutum mai magana ɗaya ba. Na raɗa wa liman. Ya janye kansa ya dube ni, ya sake miƙo kunnen, na sake faɗa. Da ya ce sunan yaro Dauda, maroƙi ya tsaya da baki buɗe. Baba Sale ya ɗauki takalmansa ya tafi kafin a shafa fatiha. Daga cikin gida shiru, sai can wata gwaggon Rabi ta yi 'yar siririyar guɗa ita kaɗai.

Inna ta mayar da hula da zobe cikin akwati. Kada wani ya ce muku ta ƙi yayanku, ƙarya ne. Ta goya shi, ta yi masa wanka, in yana zazzaɓi ba ta barci. Amma ba ta sake ce masa Maigida ba, ba ta kuma ce Dauda ba. Baƙo ta sa masa, shi ne sunan da rabin gari suke kiransa da shi har yau suna zaton don na dawo daga tafiya ne. Baba Sale ya yi shekaru bai taka gidana ba. Ni kuwa ina ta cewa a yi haƙuri, na gaba na nan zuwa. Sai ga Hadiza. Sai ga Zainabu, sai Mariyama, sai Balki. Duk haihuwa Inna takan tsaya a ƙofar ɗaki ta tambayi ungozoma, ta ce Allah shi raya, ta koma ta zauna. Bayan Auta likita ya ce in Rabi ta sake ɗaukar ciki ba za ta tashi ba. Ku 'yan mata kada ku karanta wannan ku ɓata rai, ban taɓa son a musanya mini ko ɗayarku ba, ko ke Balki da surutunki. Amma ranar da likita ya faɗi maganar nan na san sunan Baba ba zai fito daga gidana ba, na kuma san Inna ta sani.

Dauda yana ajin ƙarshe na firamare Dokta Debid ya zo Nijar. Ya riga ya ajiye aiki, aka gayyace shi wani taro a Yamai, ya ce ba zai koma ba sai ya ga takwaransa. Ya iso Dakoro a bayan motar elbaj, ya ƙara tsufa, wuyansa ya yi ja saboda rana. Na yanka masa rago. Ya rungume Dauda ya daɗe bai sake shi ba. Inna, wadda ko sau ɗaya ba ta yarda na ba ta labarin Amurka ba tun ranar waken nan, ta aiko a ce baƙon ya shigo. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna a tabarma da kyar, ni ina tsakiya ina tafinta. Ta ƙare masa kallo tsaf.

Ta ce, "Kai wane, tambaye shi. Mi ya yi maka da ya hi ubanka?"

Na fara neman yadda zan sassauta maganar.

Ta ce, "Hwaɗa mashi yadda na hwaɗi. In ka rage ina ganewa ga huskarshi."

Na faɗa masa, na ƙara da bayanin abin da ta jira ba ta samu ba. Ya dube ni a ruɗe.

Ya ce, "Ban gane ba. Ai yaron yana ɗauke da sunan mahaifinka. Ba Dauda Haruna ba ne?"

Sai a lokacin na gane dalilin kofin nan na ɗakin karatu. A wurinsu sunan baya gado ne, yana gangarowa daga kaka zuwa jika ba tare da kowa ya yi komai ba. Duk shekarun nan ya ɗauka sunan gaba kawai na ba shi, na Baba yana nan daram a bayansa.

Na ce, "Dauda Lawali ne. Mu yaro sunan ubansa yake ɗauka, ba na kakansa ba. In ba a mayar da suna ba, a kan ɗa yake tsayawa. A kaina ya tsaya."

Ya cire tabarau. 

Ya ce, "Lawali, don me ba ka gaya mini ba? Da ban karɓa ba."

Na ce, "Shi ya sa ban gaya maka ba."

Ya juya wajen Inna, ya ce in faɗa mata bai yi abin da ya kai na uba ba, balle ya fi. Ɗakin ɗansa ne ya daɗe babu kowa a ciki, ya samu wanda zai sa. Na faɗa mata. 

Ta ce, "Ɗan nashi ina ya tahi?"

Na ce, "Ya rasu, Inna."

"Shi ɗaya gare shi?"

"Shi ɗaya."

 Can ta tura ƙwaryar fura gabansa ta ce, "Ce mashi ya sha, in ta jima tsami take yi."

Sauran kwanakinsa a Dakoro bai duba saniya ko ɗaya ba. Ya sa na kai shi kasuwa, na zaunar da shi wurin tsofaffin dillalai da makiyaya, yana tambayarsu wane irin mutum ne Haruna, suna faɗa ina fassarawa. A nan ni ma na ji abubuwan da ban sani ba game da ubana. Baba Sale yana daga nesa yana kallo, a rana ta ƙarshe ya matso ya gyara wa wani Bafillace labarin da ya faɗa ba daidai ba, daga nan ya zauna. Wannan zuwan shi ne ganina da Dokta na ƙarshe. To ga amsar tsohuwar nan ta gidan suna. Ban sayar da komai ba, babu abin da na karɓa. Na ba mutumin kirki abin da ya fi komai tsada a hannuna, kuma da za a mayar da ni zauren hotunan nan da haka zan sake yi. Sai dai abin ba nawa ne ni kaɗai ba, Inna ce ta biya rabinsa, wannan kuwa yana yi mini ciwo har gobe.

Bayan wasu watanni saƙo ya zo ta gidan waya. Hoto ne. Ga garken nan na jami'a mai sunan Dokta a goshi, a gabansa an dasa ɗan itace, a gindinsa an kafa farantin ƙarfe da rubutu. Dokta ya karrama Baba irin yadda mutanen garinsu suka iya. Na kai wa Inna na yi mata bayani. Ta riƙe hoton nesa da ido, ta matso da shi, ta taɓe baki.

Ta ce, "Itace. Na ce ina son wanda zan goya, an aiko mani hoton itace."

Na miƙa hannu in karɓa, ta maƙale shi. Daidai nan Dauda ya shigo daga lakwal, ƙafa duk ƙura, jaka a rataye.

Ta ce, "Baƙo, zo duba mani. Mi aka rubuta ga ƙarhen nan?"

Ya durƙusa a gabanta ya sa yatsa a kan hoton. Da ƙarfi ya karanta, irin yadda ake koya musu a aji.

"Haruna. Dakoro. Nijar. Sauran Ingilishi ne, Inna, ba a koya mamu ba."

Tun ranar da aka fitar da gawar Baba babu wanda ya furta sunan nan a ɗakinta. Na ga leɓenta ya motsa. Ta kai masa ɗan duka a kafaɗa.

"Marar kunya! Haka ake kiran sunan manya gatsau?"

Yaro ya tsorata, ya miƙe zai fita. Ta cafko gefen rigarsa ta jawo shi ya zauna a jikinta, ta mayar masa da hoton a hannu.

Ta ce, "Ina za ka? Ban ji da kyau ba. Sake karantawa."